Kunne, Ido da Ƙwaƙwalwa: Tarihin Binciken Yadda Ma'aunin Jiki Yake Ginuwa



Gabatarwa

Harshen Hausa yana da kalmar ji, da gani, da ɗanɗano, da sansana, da taɓawa. Amma akwai wata kafar sani ta shida wadda take aiki a jikin kowannenmu dare da rana, ita ce take gaya wa mutum inda sama take da inda ƙasa take, da kuma ko kansa yana tsaye ko yana juyawa. Wannan kafa ba mu ba ta suna ba. Abin da muka raɗa wa suna shi ne lalacewarta, watau jiri, da juwa, da hajijiya, da tangaɗi. Dalili kuwa a fili yake: abin da bai taɓa yi wa mutum gardama ba, da wuya ya lura da shi. A cikin wannan lacca zan kira ta ma'aunin jiki.

Kowa yana iya gwada aikin wannan ma'auni a inda yake zaune. A riƙe takarda a gaban fuska, a girgiza kai hagu da dama kamar mai cewa a'a, za a ga rubutun yana karantuwa. Sa'an nan a tsai da kai, a girgiza takardar da irin wannan saurin, za a ga rubutun ya dagule. A gwaji na farko, kunnen ciki ne ya ji motsin kai, ya umarci idanu su juya ɗaya ɓangaren daidai gwargwado, cikin kimanin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. A gwaji na biyu kuwa ido ne kaɗai yake bin takardar, shi kuwa yana bukatar wajen ninki goma na wannan lokaci. Wannan umarni da kunne yake ba ido, ba tare da shawarar mai su ba, shi zan kira martanin kunne-da-ido.

Tambayar da laccar za ta bi tarihinta ita ce: wannan gwaninta, da ita ake haihuwar ɗan Adam, ko kuwa koyonta yake yi? Kafin masana su iya yin tambayar ma, sai da suka shafe fiye da shekara ɗari suna neman inda ma'aunin yake da hanyar da saƙonsa yake bi.

Gano Gaɓar

A can cikin ƙashin da yake bayan kowane kunne akwai bututai uku masu siffar rabin zobe, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nasa ɓangare, kamar yadda daɓe da bango biyu suke haɗuwa a kusurwar ɗaki. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na alli. Masana ƙirar jiki sun daɗe da sanin waɗannan abubuwa, har Antonio Scarpa na ƙasar Italiya ya yi cikakken bayaninsu a 1789. Sai dai tun da a cikin kunne aka same su, kowa ya ɗauka aikinsu ji ne, wasu ma suka ce da su ake gane ɓangaren da sauti yake fitowa.

Wanda ya fara girgiza wannan zato shi ne Pierre Flourens, Bafaranshe, tsakanin 1824 da 1830. Ya riƙa yanke bututan tantabara ɗaya bayan ɗaya. Tantabarun ba su kurumce ba, amma in ya yanke bututun da yake kwance sai kan tsuntsuwar ya shiga kaɗawa hagu da dama, in kuwa ya yanke na tsaye sai kan ya shiga kaɗawa sama da ƙasa, har ta riƙa tuntsurawa. A 1861 wani likita a makarantar kurame ta birnin Faris, Prosper Ménière, ya dogara da wannan bincike ya ce jiri mai tsanani wanda yake zuwa da ƙugi a kunne da raguwar ji daga kunnen ciki yake tasowa. Kafin wannan lokaci likitoci suna ɗauka jini ne ya taru a ƙwaƙwalwa, suna yi wa masu ciwon tsaga da ƙaho.

A 1870 Friedrich Goltz na Jamus ya fito ƙarara ya ce bututan nan gaɓa ce ta wata kafar sani mai zaman kanta. Yadda suke aiki kuwa mutum uku suka gano shi kusan a lokaci guda, tsakanin 1873 da 1874, ba tare da sun haɗa kai ba: Ernst Mach a Firag, Josef Breuer a Viyana, da Alexander Crum Brown a Edinbara. Bayaninsu shi ne, in kai ya juya, bututun yana juyawa tare da shi, amma ruwan ciki yakan yi nawa, kamar yadda in aka juya ƙwarya da sauri ruwan da yake ciki yakan ɗan tsaya kafin ya bi ta. Wannan nawa ita take tanƙwara wasu 'yan gasu masu laushi, su kuma su tura saƙo. Da wannan aka fahimci hajijiyar yara: in yaro ya daɗe yana juyi, ruwan ya riga ya kama gudu, saboda haka in ya tsaya ruwan bai tsaya ba, sai ya ga gari yana juyawa.

Shaidu suka yi ta biyo baya. A 1882 William James na Amurka ya bincika kurame 519, ya tarar 186 daga cikinsu ba sa jin jiri ko kaɗan komai juyin da aka yi da su. A 1893 Alois Kreidl a Viyana ya yi wata dabara da jatan lande, wanda yakan zuba yashi a jakar ma'auninsa duk sa'ad da ya yi saɓa. Kreidl ya ba shi garin ƙarfe maimakon yashi, sa'an nan ya kawo maganaɗisu, sai dabbar ta karkata jikinta, ta ɗauki jan maganaɗisun a matsayin jan ƙasa. Wannan ya nuna aikin tsakuwoyin: su ne suke auna karkata, bututai kuwa suna auna juyi.

Daga nan ilmin ya shiga asibiti ta hannun Robert Bárány, likitan kunne a Viyana. Ya lura in an wanke kunnen majinyaci da ruwan sanyi idanunsa sukan yi rawa zuwa wani ɓangare, in kuwa ruwan ya yi zafi sai rawar ta juya ɗaya ɓangaren. A 1906 ya mai da wannan ya zama hanyar gwada lafiyar kowane kunne shi kaɗai. An ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin kuwa ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha, sai a 1916 aka sake shi, daga bisani ya zauna a Upsala ta ƙasar Suwidin har rasuwarsa a 1936.

Gano Hanyar Saƙo

Sanin gaɓa daban, sanin hanyar da saƙonta yake bi daban. Tun wajen 1880 Endre Hőgyes na ƙasar Hangari ya nuna a jikin zomaye cewa motsin ido na rama juyin kai ya dogara da kunnen ciki. Amma zana taswirar hanyar sai da ya jira ƙarni na 20. Rafael Lorente de Nó, mutumin Sifen, almajirin Ramón y Cajal, wanda kuma ya yi aiki tare da Bárány a Upsala, ya buga bayaninsa a 1933. János Szentágothai na Hangari ya kammala shi a 1950.

Abin da suka samu shi ne gajeriyar hanyar zango uku ce kawai. Ƙwayar jijiya ta farko tana ɗaukar saƙo daga kunnen ciki zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Ta biyu tana karɓa a can ta miƙa wa ta uku. Ta uku ita take jan tsokar ido. Kowane ido yana da tsoka shida, biyu-biyu suna jan juna, kuma kowane bututu an haɗa shi da tsokokin da suke juya ido a daidai fuskar da shi bututun yake aunawa. Gajartar hanyar ita ce asirin saurinta.

Darajar wannan hanya ta bayyana ga kowa a 1952, sa'ad da wani likita Ba'amurke, John Crawford, ya rubuta labarin kansa a wata mujallar likitoci. An yi masa allurar maganin sitireftomaisin na tsawon lokaci, maganin ya kashe masa ma'aunin kunnuwa biyu. Ya ce in yana tafiya ba ya iya gane fuskar mutum ko karanta allon kan titi sai ya tsaya cik, kuma ko yana kwance bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya sa haruffan littafi su riƙa tsalle.

Yadda Ake Gina Shi a Ciki

Da aka san hanyar, sai tambaya ta koma kan gininta. Masana ilmin tayi, irin su George Streeter na Amurka a farkon ƙarni na 20, sun bi matakan dalla-dalla. A farkon mako na 4 bayan shigar ciki, fatar gefen kan tayi takan yi kauri a wuri biyu, ta lotsa ciki, ta rufe ta zama 'yar ƙwallo. A wajen mako na 6 ƙwallon takan fitar da faifai uku, tsakiyar kowane faifai ta manne ta narke, bakin ya saura, shi ne bututun. Kafin wata na 5 ya wuce, wannan gaɓa ta kusa kai girman ta babban mutum. Haka kuma jijiyarta tana cikin na farko da suke samun rigar kitsen nan mai sa saƙo gudu. Shi ya sa jariri, tun ganinsa yana dishi-dishi, in aka juya kansa a hankali idanunsa sukan rama. Zaburar da yakan yi ya ware hannuwa in kansa ya ɗan sulluɓe baya, wadda Ernst Moro ya bayyana a 1918, ita ma tana da nasaba da wannan ma'auni.

To, amma ta yaya zaren jijiya yake sanin inda za shi? A 1890 Cajal ya ga cewa bakin zaren da yake tsiro yana da wani ɗan kai mai laluben hanya. A 1945 Roger Sperry ya yanke jijiyar kunnen kwaɗi, zarurrukan suka sake tsirowa a hargitse, amma duk da haka martanin ma'auni ya dawo daidai yadda yake. Daga irin wannan gwaji Sperry ya kai ga ra'ayin da ya shimfiɗa sosai a 1963, cewa kowace ƙwayar jijiya tana ɗauke da wata alama ta sinadari wadda take gane abokiyar haɗinta da ita.

Rita Levi-Montalcini ta ƙara wani abu a 1949. Ta cire ƙwallon kunne daga tayin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ya kamata su karɓi saƙonsa sun fito a wurarensu kamar yadda aka saba, amma daga baya da yawansu suka ƙanƙance ko suka mutu. Watau ana iya kafa gida kafin baƙo ya iso, amma in bai iso ba gidan yakan zube.

A 1989 Andrew Lumsden da Roger Keynes a Ingila suka nuna cewa gindin ƙwaƙwalwar tayi a yanke yake gaɓa-gaɓa kamar rake. Kowace gaɓa kuwa tana da ƙwayoyin gadon da suke mulkinta. Binciken Joel Glover da na Robert Baker da abokan aikinsu ya nuna ƙwayoyin zango na biyu suna fitowa ƙungiya-ƙungiya daga sanannun gaɓoɓi, kuma mahaifar kowace ƙungiya tana nuna inda zarenta zai nufa. Wannan tsari kusan iri ɗaya ne a kifi, da kwaɗo, da kaza, da ɓera.

Gardamar Halitta da Koyo

Hausawa suna da karin magana biyu da suke jan juna. Ɗaya ta ce hali zanen dutse, ɗaya kuma ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana ƙwaƙwalwa ma haka suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Hujjar masu koyo ta yi ƙarfi daga 1963, sa'ad da David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna in an rufe idon ɗan kyanwa ɗaya a makonnin farko na rayuwarsa, ƙwaƙwalwa takan juya wa idon baya ko da an buɗe shi daga baya. Abin sha'awa, su biyun da Sperry aka raba wa kyautar Nobel ta 1981. Mutane suka ce in gani yana bukatar horo, me zai hana ma'auni? A 1976 Gonshor da Melvill Jones a Jami'ar McGill ta Kanada suka buga sakamakon gwajin da suka sa mutane ɗaura tabarau mai mai da hagu dama na tsawon makonni. Cikin 'yan kwanaki martanin kunne-da-ido ya yi rauni, daga baya ma ya fara juyawa baibai don ya dace da sabuwar duniyar, da aka cire tabarau kuma ya koma yadda yake. Masao Ito na Japan ya riga ya ba da shawara tun farkon shekarun 1970 cewa wani ɗan sashe na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ne yake wannan gyara, yana kwatanta abin da kunne ya ce da abin da ido ya gani. David Robinson ya tabbatar a 1976 cewa in an cire wannan yanki a jikin kyanwa gyaran yakan tsaya. Duk wanda ya taɓa sa sabon tabarau na likita ya ji ƙasa tana masa wani iri kwana biyu, sa'an nan ta daidaita, ya ɗanɗana wannan gyara. Har ila yau an ga 'yan kyanwar da aka rena cikin duhu suna da martanin, amma rarrauna.

Sai dai iya gyara abu bai nuna cewa da gyaran aka gina shi ba. Don a raba gardama ana bukatar dabbar da za a iya kallon ƙwaƙwalwarta tana ginuwa. An same ta a wani ɗan kifi mai zane-zane na ƙasashen Indiya da maƙwabtanta, wanda ake kira kifin zebra. 'Ya'yansa garau suke kamar gilashi, ana ganin ƙwayoyin jijiyarsu da madubin likita suna raye, kuma kwana 3 bayan haɗuwar ƙwai idanunsu sun fara rama karkatar jiki. A 2004 an lura cewa a wannan ƙuruciya suna amsa karkata amma ba sa amsa juyi yadda ya kamata. A 2008 binciken da aka yi kan talibambam a ɗakin gwajin Hans Straka ya ba da dalili: bututan ne suka yi ƙanƙanta har ruwa ba ya iya gudana sosai a ciki, da zarar sun kai wani girma sai martanin ya bayyana. Ashe hanyar a shirye take, kayan awon take jira.

Ɗakin gwajin David Schoppik a Jami'ar Niyu Yok ya ɗora a kan wannan. A 2023 Dena Goldblatt da abokan aikinta suka nuna cewa lokacin da aka haifi ƙwayar zango na biyu yana nuna inda za ta zauna da kuma ko karkatar sama za ta amsa ko ta ƙasa. A 2024 suka nuna cewa ko a kifin da aka hana wasu ƙwayoyin zango na uku fitowa, na biyun sukan tsaru daidai. A farkon 2025 Paige Leary da abokan aikinta suka buga a mujallar Science cewa makafin 'yan kifi suna daidaita idanunsu kamar masu gani, kuma waɗanda suka tashi ba tare da jin karkata ba, da kafar ta samu sai ga martaninsu da ƙarfi, ba su bukaci zaman koyo ba. Abin da ya fi jinkirin nuna shi ne mahaɗar jijiya da tsokar ido, kuma da saurin nunarta gwanintar take ƙaruwa.

Ya kamata a yi hattara a nan. Kifi ba mutum ba ne, kuma gwajin 'yan kyanwa ya nuna gani yana da rawar takawa a dabbobi masu shayarwa. Amma in aka haɗa shaidun, hoton da ya fito shi ne: tsarin gado ne yake shimfiɗa hanyar tun kafin a yi amfani da ita, sa'an nan rayuwa ta riƙa daidaita ta yayin da kai yake girma, ido yake canzawa, tsufa yake zuwa. Kowace daga cikin karin maganar nan biyu ta faɗi gaskiya, lokacinsu ne ya bambanta.

Kammalawa

Wannan tarihi yana da darasi ga ƙasarmu. Tsakanin 1958 da 1968 sojojin ruwan Amurka da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA sun yi gwaje-gwaje da wasu kurame 11 daga Kwalejin Gallaudet, domin ba sa jin jiri ko tashin zuciya komai juyi. Goma daga cikinsu sanƙarau ne ya kurumta su tun suna yara, ya kuma tafi da ma'auninsu. Mu kuwa a tsakiyar yankin sanƙarau muke zaune. Annobar 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Daga cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda cutar ta taɓa musu kunnen ciki.

In yaro ya tashi daga sanƙarau ya daina ji, kowa yakan lura. In ya yi jinkirin zama ko tafiya, ko yana faɗuwa cikin duhu, ko rubutu yana masa tsalle, sai a ce lalaci ne ko rashin kwanya, alhali wata gaɓa ce ta lalace. Ƙwayoyin gashin nan na ɗan Adam in sun mutu ba sa dawowa yadda za su wadatar, amma gyaran da Ito da Melvill Jones suka bayyana yana nufin ana iya horar da ido da ƙafa su ɗauki wani ɓangare na aikin, musamman in an gane matsalar da wuri. Ganewar ma ba ta da tsada: tun 1988 Halmagyi da Curthoys na Ostareliya suka nuna cewa likita yana iya gwada martanin da hannunsa, ta hanyar juya kan majinyaci da sauri yana kallon idanunsa.

Saboda haka akwai aiki a gaban ma'aikatan lafiya da na ilmi da suke wannan zaure. Allurar rigakafin sanƙarau tana kare ma'auni kamar yadda take kare rai. Magunguna irin su jentamaisin da sitireftomaisin suna ceton rai, amma bai kamata a riƙa yin su barkatai ba tare da awon likita ba. Makarantun kurame kuma ya dace su riƙa duba tafiyar yaro kamar yadda suke duba jinsa. Mu masu nazarin harshe namu aikin shi ne mu samar wa wannan kafa suna karɓaɓɓe, domin uwa ta iya gaya wa likita abin da take gani a jikin ɗanta, shi kuma ya iya yi mata bayani da harshen da take ji.